Kalmar Yau: Yadda Za Ka Kafa Wasan Cankar Kalma na Masu Bincike da Ɓarayi a Zauren Danginku

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan abu. A Jidda aka haife shi, a nan ya yi makaranta, Hausarsa kuwa irin ta "to" da "na'am" ce, da magana ta yi tsawo sai ya zame ya koma Larabci. Wata rana bayan isha'i na same shi a falo ya ƙura wa waya ido, yana ta cika akwatuna biyar-biyar da haruffan Turanci, wasu su yi kore, wasu rawaya. Na ce, "Kai kuma me kake yi haka kamar mai duba?" Ya ce, "Kawu, kalma nake nema. Kullum guda ɗaya ce, kuma daga cikin shirin nan na masu bincike ake ɗauko ta." Criminal Minds yake nufi, shirin Amurka da aka fara nunawa a 2005, kan wani sashe na hukumar binciken laifuka ta FBI da ke nazarin halayyar masu kisa. Kalmar ranar nan unsub ce, wato yadda suke taƙaita sunan mai laifin da ba a kai ga gano shi ba. A gwaji na uku ya samu, ya yi ta tsalle. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron da ya san wannan kalma bai san me ake kira ankwa ba.

Uban irin waɗannan wasanni shi ne Wordle. Wani injiniyan manhaja ɗan asalin Birtaniya mai suna Josh Wardle, mazaunin New York, ya ƙirƙire shi don abokiyar zamansa Palak Shah, ya sake shi ga jama'a a watan Oktoba na 2021, jaridar New York Times ta saye shi a ƙarshen Janairu na 2022. Dokarsa ba ta da yawa: kalma ɗaya a rana, haruffa biyar, gwaji shida. Harafin da ya faɗa gurbinsa zai yi kore, wanda yake cikin kalmar amma ya zauna a gurbin wani zai yi rawaya, wanda babu shi sam zai yi toka. Da abin ya karɓu sai masoya kowane shiri da kowane mawaƙi suka yi ta fitar da nasu, kowa da jerin kalmominsa.

Mu ma mun yi namu, da Hausa, a zauren WhatsApp na dangi, ba tare da manhaja ko shafin intanet ba. Ba na ba kowa shawarar ya kwafi shafin Wordle ya liƙa masa Hausa, don a 2024 jaridar ta bi masu kwaikwayon wasan da takardun gargaɗi kan haƙƙin mallaka. Takarda da biro da mutum ɗaya mai haƙuri sun isa. Ga yadda ake yi, har da inda muka yi tuntuɓe.

Mataki na farko: tara kalmomi

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Ko a Wordle ɗin, daga cikin kalmomin Turanci kimanin 12,000 masu haruffa biyar, 2,300 da 'yan kai kawai aka tace aka ajiye a matsayin amsa, kuma Palak Shah ce ta zauna ta ware waɗanda mutane suka sani. Kai ba ka buƙatar ko kusa da haka. Kalma 60 za ta kai ku mako 12 idan kwana biyar kuke yi a mako.

Hanyar da ta fi mini ita ce a kunna shiri guda a kalla tare, takarda a hannu. Kowane iri ne ya yi: CSI na masu bin sawun jini da zanen yatsa, ko Rashash na nan Saudiyya da aka nuna a manhajar kallo ta Shahid a 2021, ko ma Konan mai bincike da yaranmu suka tashi suna kallo da Larabci a tashar Spacetoon. Duk inda wani abu ya taso, a tsayar a tambayi wanda ya fi kowa shekaru a ɗakin, "Me ake ce wa wannan da Hausa?" Sannan a ƙirga haruffan da yatsu. A zama biyu muka sami laifi, zargi, hujja, fashi, harbi, zamba, tarko, ankwa, sarƙa, rauni, fansa, gilla, ƙarya, asiri, yatsa, tsaro, ɗauri, ƙwaya, kwaɗo, lauya, kofur, diyya, afuwa, hanci, amana, lamba, ƙulli, da ma'aurata biyun nan da na fi so, ganau da jiyau. Ka ƙara da wuraren da ake aika-aika, irin su shago, banki, tasha, lungu, kango. Ka ƙara da abin da ke sa mutum ya aikata, irin su kishi, fushi, bashi.

Za ka lura yaran nan suna saurin kama hujja, diyya, amana da sirri, tun da daga Larabci muka aro su. Inda suke shan wuya shi ne tarko, gilla, zamba, kango. Ka cakuɗa su, kada ka jera masu wuya kwana uku a jere, yara za su watse.

Abin takaici ɗaya: kalmomin da suka fi daɗi a wannan fanni ba su cika biyar ba. Kisa, gawa, sata, wuƙa, guba, jini, kotu, beli, duk huɗu ne. Ɓarawo, alƙali, shaida, makami, tuhuma, sufeto, samame kuma shida. Zuciya za ta raya maka ka ƙara harafi ka ce kisan ko gawar ko kotun. Kada ka yi. Da ka buɗe wannan ƙofa, kowace kalma ta sami wutsiya, wasan ya lalace. Abin da muke yi shi ne rana ɗaya a mako alƙali, wato mai riƙe da kalmar, yana da damar kawo mai huɗu ko mai shida, amma ya faɗa tun da safe. Haka nan a tsaya ga sunaye gwargwadon iko. Aikatau yana da 'yan'uwa da yawa, ɗaure da ɗaura da ɗauro, mutum zai ƙare gwajinsa a kan harafin ƙarshe kawai.

Mataki na biyu: a yi yarjejeniya kan haruffa tun kafin a fara

Mu ba mu yi ba, muka sha rigima.

Abu na farko, ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu, ba k da d da b ba ne. Ranar da amsa ta kasance ƘARYA, 'yar yayata ta turo KARYA, na mayar mata da toka ɗaya da kore huɗu. Ta kira ni nan take. "Ya Kawu, haram alaik, ai ita ce! Me ya rage?" Na ce ta je ta karanta wa Hajiya abin da ta rubuta. Ba a yi minti biyar ba sai ga muryar tsohuwa a zaure tana dariya har da tari: "Kishiyata ta ce wai macen kare ce ta yi laifin. To ni dai ban ga kare a gidan nan ba." Tun daga ranar yarinyar ba ta sake haɗa su ba, har ita ke kama wasu a kan daure da ɗaure. A wayoyin Android, allon rubutu na Gboard yana da Hausa cikin harsunansa, a saka shi. Wanda wayarsa ta ƙi, ya rubuta k' ko d' ko b', alƙali ya ɗauka harafi ɗaya ne.

Na biyu, sh da ts. A ƙa'idar rubutun Hausa kowannensu baƙi ɗaya ne, malaman Hausa za su gaya maka haka kuma gaskiyarsu ne. Amma a wasa mun ɗauke su gurbi bibbiyu, kamar yadda ake danna su a waya. Fashi biyar, tsaro biyar. Haka kw da ƙw da ky. Na gwada ɗaya hanyar mako guda, lissafi ya rikice wa kowa har da ni. Kalmomi masu ɗauri a sama irin su shari'a da 'yanci kuwa mun bar su gaba ɗaya. Idan ka cire p, q, v, x waɗanda Hausa ba ta aiki da su, ka ƙara masu lanƙwasa uku, haruffa 25 ke nan a fagen wasa.

Na uku, wace kalma ce Hausa? A nan ƙasar wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Wanda ya tashi a Shara Mansur ta Makka zai ce maka sijin, ya rantse Hausa ce, don haka ya ji uwarsa tana faɗa. Na Gadarif ta Sudan ma haka. Na Kano zai ce bai san zancen ba, kurkuku ya sani. Hukuncin da muka yanke: irin wannan kalma ana karɓar ta a matsayin gwaji, amma ba ta zama amsar rana. Amsa sai wadda na gida da na nan duk za su gane. Idan gardama ta ƙi ƙarewa, a duba ƙamusun Bargery na 1934 da ke intanet, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Kuma rubutun ƙa'ida ake bi: laifi, ba lefi ba.

Mataki na uku: alƙali da aikinsa

Mutum ɗaya ne ke riƙe da kalma, shi ba ya wasa a makon. Kafin ya buɗe fage, ya rubuta kalmar a takarda da kwanan wata, ya ɗauki hoto ya tura wa wani babba da ba ya cikin masu gasa. Wannan ya zama dole, don ranar da wani ya faɗi a gwaji na shida zai ce an canza kalma ne. An faɗa mini haka, kuma wanda ya faɗa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Kowane ɗan wasa yana tura gwajinsa ga alƙali shi kaɗai, ba a zaure ba. Alƙali ya mayar masa da kalmar da launukanta a layi ɗaya, da akwatunan nan da ke cikin alamomin waya, fari a madadin toka. Wanda ya gama, launuka kawai zai saka a zaure, ban da haruffa, sai an rufe.

Ga wani abu da sai mai zama a ƙasar Larabawa zai ci karo da shi. Wayar da aka saita da Larabci tana iya juya layin da babu komai cikinsa sai akwatuna, ya fara daga dama. Ƙanwata ta yi kwana biyu tana ganin koren harafin farko a matsayin na ƙarshe, tana cewa lissafina ne ba daidai ba. Maganinsa, ko da yaushe layi ya fara da rubutun boko. Alƙali ya sa kalmar a gaba sannan launuka, mai sakawa a zaure kuma ya fara kowane layi da harafi ɗaya, ko da G ne. Idan akwai wanda ba ya bambance kore da rawaya, a koma ruwan lemo da shuɗi, Wordle ma yana da wannan zaɓi.

Inda alƙalai suke kuskure shi ne harafin da ya maimaitu, Hausa kuwa cike take da su. A ce amsa ZAMBA ce, wani ya turo AMANA. A uku ya kawo, amsa tana da biyu. Ka fara da kore: A ta ƙarshe ta faɗa gurbinta. Saura A ɗaya a amsa, sai ka ba A ta farko rawaya, ta tsakiya kuma toka, don rabon ya ƙare. M tana ciki amma ba a nan ba, rawaya. N babu. Abin da za ka tura:

AMANA 🟨🟨⬜⬜🟩

Kullum kore tukuna, sannan a raba rawaya daga hagu gwargwadon abin da ya rage. Ni sai na rubuta amsar a takarda, na rubuta gwajin a ƙarƙashinta, ina soke harafin da na bayar. Duk ranar da na ce zan yi da ka, sai na ba wani haƙuri.

Ka yi lissafin nauyin ma. Mutum 12 kowa gwaji shida, saƙo 72 ke nan idan rana ta yi tsanani. Idan kun haura haka, a kasa mutane gida-gida, kowane gida gwaji shida. Wannan ya fi daɗi ma, don za ka ji uwa da 'ya'yanta suna musu a kan wace kalma za a tura.

Lokaci kuma, mu bayan la'asar muke buɗewa, mu rufe sha biyun dare agogon Saudiyya. Ka tuna Nijeriya da Nijar suna bayanmu da awa biyu, Sudan da awa ɗaya, don haka a riƙa faɗin agogon da ake nufi. 'Yan'uwanmu na Sudan, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, layinsu yana zuwa yana ɗaukewa, saboda haka su ana jiran su har safiya, kuma ba a bayyana amsa sai sun yi magana ko gari ya waye.

Mataki na huɗu: yadda ake cin wasan

Yanzu ga ɗan wasa. Kalmar farko ba don ka ci kake tura ta ba, tambaya ce kake yi wa alƙali. Saboda haka kada ka ɓata ta da harafi mai maimaituwa. Amana ko sirri ba su dace da buɗe fage ba, haruffa uku kacal kowaccensu za ta bincika maka. Ni da RAUNI nake farawa: wasula uku, da r da n da ke yawan zama a tsakiyar kalma. TSARO ma tana da kyau. Idan ta farko ta dawo fari fat, ta biyu ta zo da haruffa biyar sababbi.

Sannan ka san ƙirar kalmar Hausa, don ita ce rabin aikin. Kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, irin su kofur 'yan tsiraru ne kuma yawanci aro ne. Masu haruffa biyar ɗin nan galibi gida huɗu suke faɗawa. Akwai irin zargi, tarko, hujja: baƙi, wasali, baƙi biyu, wasali. Akwai irin laifi da rauni masu tagwan wasali a ciki. Akwai irin asiri da alama da suka fara da wasali. Akwai kuma masu sh, ts, kw, irin fashi da yatsa da kwaɗo. Da ka ga inda wasula suka zauna, ka san gidan da kake. Idan h ta yi rawaya bayan ka sa ta a farko, ka zargi sh. Idan kalma ta ƙare da i ko e, ba kasafai s ko z ke zuwa kafin ta ba, don Hausa takan mayar da su sh da j a wannan wuri, kamar yadda fansa ke komawa fanshi.

Bari mu bi guda ɗaya a hankali. Ka tura RAUNI, aka dawo maka da:

RAUNI 🟨🟩⬜⬜🟩

A tana gurbi na biyu, I tana ƙarshe, babu U babu N, akwai R amma ba a farko ba. Gurbi biyu kawai suka rage mata, na uku ko na huɗu, kuma a ƙirar nan na uku ya fi yawa. Tun da wasan na masu laifi ne, HARBI ce za ta fara zo maka.

HARBI ⬜🟩🟩⬜🟩

R ta zauna. Saura na farko da na huɗu, babu H babu B. A Hausar duniya sarki tana nan, farci tana nan. Amma tambayi kanka, wace ce mai bincike zai furta a ofishinsa? ZARGI. Kore biyar a gwaji na uku. Amfanin wasa mai jigo ke nan: ba ƙamus gaba ɗaya kake lalube ba, aljihun alƙali kake lalube, kuma ka san irin shirin da yake kallo.

Sai ramin da ya fi cin mutane. Wana ya buɗe da HANCI, ya sami A da I kore, H rawaya. Ya gane sh ce, ya turo BASHI, sai ga kore huɗu, na farko kawai ya rage. Ya saka a zaure cewa yau a uku zai gama, a shirya masa shayi. Ya turo KASHI. Toka. GASHI. Toka. RASHI. TASHI. Wasa ya ƙare, amsa FASHI, kalmar da ta fi kowacce kusa da jigon, amma zafin nema ya rufe masa ido.

Abin da ya kamata ya yi shi ne ya tsaya ya jera masu yiwuwa a takarda: fashi, gashi, kashi, mashi, rashi, tashi, ƙashi, yashi, washi. Tara, gwaji huɗu ya rage. Bin su ɗaya-ɗaya caca ce. Sai ka sadaukar da gwaji guda, ka turo kalmar da ka san ba ita ce amsa ba amma ta ɗauko uku daga cikin waɗanda ake tuhuma. TAFKI tana ɗauke da t, f, k. Da ya tura ta, F za ta yi rawaya, ya gama a na huɗu. Da a ce babu wadda ta haska, sai GARMA, ta binciko g, r, m. Idan ita ma shiru, saura ƙashi, yashi, washi, da gwaji biyu a hannu, kuma kowa ya san wadda likitan gawa ke dubawa a cikinsu. Mutane ba sa son wannan dabara don suna jin kamar sun ja da baya bayan kore huɗu. Ni kuwa na ga ta ceci mutane fiye da sa'a. Sharaɗi ɗaya, alƙali ya yarda tun farko cewa gwaji yana iya zama kowace kalmar Hausa, ba dole sai ta jigo ba.

Mataki na biyar: mayar da mako ya zama shari'a guda

Wannan ne ya raba namu da na Turawa, kuma shi ya riƙe mutane bayan ɗokin farko ya wuce. Tun da makon aiki a nan daga Lahadi ne zuwa Alhamis, kalmomi biyar ɗin sai su zama labari ɗaya. Lahadi laifin da aka yi. Litinin inda aka yi shi. Talata alamar da aka bari. Laraba dalili. Alhamis wanda ya aikata. Kowace rana alƙali ya buɗe da jimla ɗaya irin ta mai gabatar da shiri, misali, "Da asuba maigadi ya tarar da ƙofa a buɗe, me ya faru?" Kada jimlar ta yi nuni da yawa, aikinta ta faɗi nau'in kalmar kawai.

Makon da wana ya faɗi, haka ya kasance: FASHI, SHAGO, YATSA, BASHI, GANAU. Wato wanda ya zo yana rantsuwa a kan idonsa aka yi, shi ne ɓarawon. Da gangan na sa bashi ranar Laraba, na san duk wanda fashi ta ƙona zai yi ta kewaye ta yana tsoro. Ranar Juma'a babu kalma. Bayan an sauko daga masallaci, kowa ya turo murya ta minti ɗaya, da Hausa, ya haɗa kalmomin biyar su zama labari. Ɗan ƙanwata da farko jimla uku yake yi ya tsere. Yanzu sai an ce masa ya isa.

A kula da gurbin Alhamis. Sana'a ko matsayi ake sawa, irin su akawu, lauya, aboki, kofur. Ni na taɓa ganin BAFFA haruffa biyar ce, na ce ta yi daidai da labarin gado da na shirya. Baffanmu na Madina yana cikin zauren, kuma akwai tsohuwar maganar fili a gida da ban tuna da ita ba. Bai ce komai ba, ya fita. Kwana uku ina kira, sai a na huɗu ya ɗauka ya ce, "Ɗana, ni ne ɓarawon naku?" Sai da na hau jirgin ƙasa na Haramain na je har gidansa. Tun daga nan babu sunan dangantaka, babu sunan ƙabila, babu sunan mutum. Kuma kada a gina mako a kan wani abu da ya faru da gaske a unguwa, ko da kowa ya san zancen. Ban da zumunci da zai ɓaci, dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, a kan ɓata sunan mutum ta waya ko kwamfuta. Idan da ƙananan yara a zauren, a sassauta jigon ma, a tsaya ga sata da zamba da ɓatan kaya, a bar gilla da shaƙe sai zauren manya.

Maki da kyauta

Wanda ya ci a gwajin farko maki shida, na biyu biyar, haka har na shida maki ɗaya. Labarin Juma'a da Hajiya ta zaɓa yana da uku, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta. Kada a tara kuɗi a ce wanda ya ci ya kwashe, wannan ya zama caca. Alƙalin mako, tun da ba ya cikin gasa, shi ke yi wa zakara kyauta daga aljihunsa. A wurinmu tsire ne, wanda mutanen nan suke kira siriyya, na riyal ashirin. Na nesa kuma a sa masa kati a waya.

Alƙalanci yana zagayawa duk mako, kuma jerin kalmomin da aka riga aka yi yana bin sa, don kada a maimaita. Sabon alƙali ya kawo nasa biyar ɗin, ya nuna wa wanda ya sauka ya duba masa rubutu da ƙirga, shi ya sa mai sauka ma yake hutawa mako guda kafin ya koma wasa. Da azumi muna mayar da buɗewa bayan tarawihi, a rufe da sahur. Daga farkon Zulhajji kuwa har alhazai su fara komawa muna rufe fage gaba ɗaya, don rabin zauren suna Makka da Mina suna hidima, babu mai duba waya. Makon da za a dawo, alƙali ya fara da masu sauƙi. Bana ɗan ƙanwata ne ya karɓi makon, kuma kalmarsa ta Talata ANKWA ce. Ni a na biyar na same ta.